Kwalkwalin Gola Tanimu

Ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni, don yau sai kun yi mini hukunci. Ni abin ya gagare ni.

A zamanin da masaƙu ke aiki a Kaduna, akwai wata masaƙa mai ƙungiyar wasan hoki, wasan nan da ake kora ƙwallo da sanda mai lanƙwasasshen baki. Golansu Tanimu ne. Ƙwallon hoki kuwa tauri gare ta kamar dutse, shi ya sa gola ba ya shiga fili sai da kwalkwali mai raga a fuska. Tanimu ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan ragar nan, 'yan kallo sun san tsallensa, ba su san fuskarsa ba. Da masaƙa ta rufe sai ya koma ƙauyensu can bayan Funtuwa yana noma. A majalisar ƙofar masallaci ba shi da hira sai ta ranar da ya tare bugun ƙarshe suka ɗauki kofi.

Ana nan, bayan duk sun tsufa, wani mai maɗaba'a ya buga katunan tunawa da tsofaffin 'yan wasan, hoto a gaba, suna da tarihi a baya, mutane na saye suna musaya. Wani direba ya kai su ƙauyen. Aka baje a tabarma, ga gola cikin kwalkwali ya yi tsalle, aka juya baya sai ga sunan Haladu, mataimakin da ke zaman benci. Majalisa ta kwashe da dariya. Wani ya ce, "Malam Tanimu, ashe duk shekarun nan labarin wani kake ba mu?" Dattijo ya tashi ya shiga gida, bai ƙara zama a tabarmar ba, ciwo kuma ya kwantar da shi. Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci.

Abokan wasansa uku suka ji. Na farko Jatau, ɗan baya, wanda ya yi shekaru yana tsaye a gaban Tanimu. Kallo ɗaya ya yi wa katin ya gane jan ƙyallen da Tanimu ke ɗaurawa a gwiwar hagu. Ba don shi ba, babu wanda zai san an yi kuskure. Sai dai ya yi ta cewa gobe zai je maɗaba'a, har damina ta wuce. Da ya je, mai maɗaba'a ya ce ƙyalle ba shaida ba ne, a kawo fuska.

Na biyu Sallau, ɗan gaba, ga ciwon ƙafa ga hawan jini. Shi ya tuna da wani mai hoto da ke bin su filin wasa. Ya hau mota har Jos inda mai hoton yake da zama, ya tarar mutumin ya rasu, ya roƙi iyalinsa suka buɗe masa akwatuna. Ya yi kwanaki yana tonon hotuna cikin ƙura har ya samo guda ɗaya: Tanimu ya ɗaga kwalkwali yana shan ruwa, ga jan ƙyallen a gwiwa. Amma Sallau mutum ne mai son ƙawa, ya ce hoton ya dushe, ya kai a gyara, aka yi ta ja masa rai.

Na uku Haladu kansa. Mai maɗaba'a ya ce ba zai cire sunan mutum ba sai da yardarsa. Haladu bai taɓa buga wasan kofi ba, katin nan ne kaɗai abin da duniya ta taɓa ba shi, har ya sa shi a gilashi ya rataye a zaure, surukai na gani. Ya daɗe yana juyayi. Ran nan ya sauke shi, ya je maɗaba'a ya ce, "Ba ni ba ne. Ranar ina benci ina riƙe masa ruwa."

Aka buga sabon kati, fuskar Tanimu da sunansa. Su uku suka hau mota da murna. Suna shiga ƙauyen suka gamu da jama'a na dawowa daga maƙabarta, an binne Tanimu.

A wajen zaman makoki katin ya zaga hannu hannu, wanda ya yi masa ba'a ya riƙe shi ya kasa ɗaga kai. Matar marigayin ta aiko da kwalkwalin daga cikin gida, da saƙo cewa Malam ya ce a ba wanda ya wanke shi a idon mutane, in Allah ya sa an samu. Aka ajiye shi a gaban su ukun, babu wanda ya miƙa hannu, kowa na tuna kwanakin da ya ɓata.

Kwalkwali ɗaya ne, ba ya rabuwa. To, ku gaya mini, Jatau da ya gane, ko Sallau da ya samo fuskar, ko Haladu da ya sauke nasa daga bango, wa za a miƙa wa?