Sandar Gwamma a Tsaunin Kurumbo

A zamanin da ba a san hanyar ƙetare Tsaunin Kurumbo ba, an yi wata maharbiya mai suna Gwamma, wadda take zaune ita kaɗai a gindinsa. Ba a san asalinta ba, ba a kuma taɓa ganin ta ci abincin wani ba. Maharba na yi mata kirari da ta kan tudu, maƙwabciyar gaggafa.

A wata shekara rijiyoyi suka ƙafe a arewacin tsaunin. Wani dattijo, Barmo, ya taso da mutanensa arba'in da ɗoriya, suna neman ƙasa mai ruwa. Tsakiyar sanyi suka iso, suka roƙi Gwamma ta ƙetare da su. Ta amsa, da sharaɗi guda: in an hau, ba mai zama sai an sauka.

Da hantsi suka kai kan tsaunin, suka tarar da abin da ko kakanninsu ba su gani ba. Ƙanƙara ce fara, mai laushi kamar auduga, tana kai wa gwiwa. Iska kuwa tana tura ƙato kamar kara. Gwamma na tafe tana waiwaye, tana ƙirga su da baki. Jatau, ɗan ƙanen Barmo, ya fara raɗa wa jama'a cewa mahauci ne kaɗai ke ƙirga dabba haka.

Wasu maza biyu suka raɓe a bayan wani dutse, suka ce ɗumi suke ji, za su ɗan huta. Gwamma ta dubi idanunsu, ta ce in suka zauna ba za su tashi ba. Suka zauna. Ba su sake tashi ba, nan suka mutu.

Nan magana ta fito fili. Jatau ya ce mayya ce, ta faɗa ya faru, kuma saura su. Maza suka soma taɓa wuƙaƙensu, mata suka daina haɗa ido da ita.

Bayan azahar ƙafafun Barmo suka gaza. Jatau ya shimfiɗa masa buzu, yadda ake yi wa babba, ya ce, “Baffa, zauna ka huta, ba za mu bar ta ta matso ba.” Tsohon ya zauna yana murmushi, ya fara tuɓe rigarsa wai zafi yake ji.

Gwamma ta ratsa mazan, ta zabga masa sanda a gadon baya.

“Tashi, ragon tsoho,” in ji ta. “Haka ka kwanta rijiyoyinku suka ƙafe? Ashe akuya mutanenka suka biyo.”

Tun da aka haifi Barmo mace ba ta taɓa zaginsa ba. Ya miƙe, ya zare takobi. Ta ja da baya, ta ƙara masa wani zagin. Ya bi ta, jama'a suka rufa masa baya da wuƙaƙe. Ba ta yi nisan da za su fid da rai ba, ba ta kuma bari sun cim mata ba. Haka ta ja su gangara bayan gangara, har ƙafafunsu suka taka ciyawa, suka ji ƙarar ƙorama. Duk sun jiƙe da gumi, ba wanda ya rage a sama sai mutum biyun nan.

Jatau ya ce a kashe ta. Barmo ya daɗe yana haki, sannan ya ce ba za a taɓa ta ba, amma ba za ta kwana cikinsu ba, don shi ma bai san ko ita ta ci mutum biyun nan ba. Suka kafa gari a bakin ƙoramar, ita ta koma bayan tsauni, ba ta sake saukowa ba.

Garin shi ne Gangaren Gwamma. Har yau, wanda ya sauko daga tsauni da sanyi ba a ba shi tabarma. Wata tsohuwa ce ke tarbarsa da sanda da baƙar magana, sai ya fusata ya rama, jikinsa ya yi ɗumi, sannan a kawo masa kunu mai zafi. In ka tambayi mutanen garin ko Gwamma mayya ce, sai su ce kakanninsu ma ba su gama wannan gardamar ba.