Tarwadar da Baba Audi Ya Ƙi Ci

Jabiru mutum ne mai daɗin zama. Duk Ruwan Godiya ba wanda zai ce ya je wurinsa da buƙata ya dawo hannu rabbana. Aibinsa ɗaya ne: gaggawa. Mahaifinsa, Baba Audi, yakan ce tun yana ƙarami idan ya shuka gyaɗa, kwana biyu zai tone ta ya ga ko ta tsiro.

Da ya koyo kiwon tarwada a Funtuwa, ya gina tankunan siminti uku a bayan gida, ya sayo iri mai kyau. Cikin wata huɗu waɗansu kifayen suka yi wa 'yan'uwansu fintinkau, kowanne kamar damtsen ƙato.

Baba Audi ya leƙo ya ce, "Ɗebo mini shida cikin manyan nan, maza da mata."

"Farfesu za a yi, Baba?"

"Kai dai ɗebo."

Tsohon ya kai su ramin da yake ɗibar ruwan ba shuka a lambunsa, ya sake su. Jabiru ya yi ta dariya, wai Baba ya bar shanu ya koma kiwon kifi. Daga nan ya manta da su.

Sauran manyan kuwa, Yahuza mai gashin kifi daga Ƙanƙara ya kwashe. Haka aka riƙa yi duk zagaye. Jabiru ba ya iya ciyar da babban kifi har ya isa yin ƙwai alhali ga mai saye a tsaye. Waɗanda Yahuza ya ture gefe don ƙanƙanta, su Jabiru yake bari su zama iyaye, ƙwansu yake ƙyanƙyashewa. Yakan ce, "Kifi ai kifi ne."

A shekara ta huɗu kifinsa ya ƙi girma. Ya sauya abinci, ya sauya ruwa, har ya fara zargin kambun baka. Mutanen Damari da na Pauwa da ke sayen 'ya'yan kifi a wurinsa suka daina zuwa. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, domin da sunansa suke saye. Ya yanke shawarar rufe tankunan.

Lokacin kaka yayarsa Shafa'atu, mai koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Faskari, ta zo gida. Ta saurare shi, sannan ta tambaya, "Waɗanne kake bari su haihu?"

Ya gaya mata. Ta riƙe haɓa.

"Haba auta! Kowane kifi yana ɗauke da ƙwayoyin gado daga iyayensa. Akwai masu ingiza tsoka ta girma, akwai mai ja mata linzami ta tsaya. A wani kifin linzamin sako-sako yake, shi ne ke cika da nama. Abinci da ruwa suna da nasu aikin, amma ba sa ba kifi abin da bai gada ba. Kai kuwa masu sakakken linzamin ka miƙa wa Yahuza ya gasa."

"Ni fa Yaya, wannan boko ya fi ƙarfina."

Baba Audi yana kan tabarma yana ware zangarniyar dawa, yana ɗaure manya daban. Bai ɗago ba ya ce, "Wane boko? Ka taɓa ganin na kai waɗannan kasuwa na shuka tsintuwa?"

Tsohon ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. "Ɗauko komarka mu je lambu."

Biyar suka rage cikin shidan. Da Jabiru ya ciccibo ta farko, sai da ya sa hannu biyu. Cikinta cike yake da ƙwai.

"Baba, shekara huɗu kana ciyar da su ba ka faɗa mini ba?"

"Na faɗa sau biyu. Kana sauri ka tari Yahuza."

Washegari Yahuza ya iso, ya leƙa tankin da Jabiru ya zuba su, idonsa ya faɗa kansu. "Jabiru, faɗi abin da kake so, ba zan taya ba."

Jabiru ya dubi kifin, ya dubi mahaifinsa, sannan ya ja murfi ya rufe. "Waɗannan iri ne. Ka dawo baɗi."

Baba Audi ya ce, "Alhamdu lillahi. Yau gyaɗata ta tsiro."

Jabiru bai farfaɗo nan take ba. Sai da ya shekara biyu yana ware manya yana ajiyewa, ya kuma sayo waɗansu daga waje don kada jini ya zama ɗaya, kafin mutanen Damari su dawo.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mafi kyawun abin da Allah Ya ba ka ba duka ne na sayarwa ba. Wani na ajiya ne domin gobe. Mai gaggawa yana cin irinsa, ya shuka ragowa, sannan ya zargi ƙasa. Kuma kafin mu yi wa dattawanmu dariya, mu tsaya mu tambayi dalilinsu, domin sau da yawa abin da muke karantawa a littafi, su a gona suka koye shi.