Dalilin Da Ya Sa Kumburau Ba Ya Motsi A Kan Reshe

Dalilin da ya sa Kumburau, ɗan tsuntsun nan na cikin kurmi, yake wuni a kan reshe ɗaya, gashi a tashe kamar an hura shi, ba lalaci ba ne. Ku masu cewa malalaci ne, ku matso ku ji, kuma kada wanda ya katse ni.

Da can siriri ne kamar tsinke, ga rawar kai, ga surutu. Kafin ka ce ga shi, ya bar wurin. A kurmin da yake zaune rana ba ta taɓa ƙasa sai ɗigo-ɗigo, iska kuwa kullum ƙanshin jiƙaƙƙen ganye take yi.

Wata mata mai suna Tabawa takan shigo kurmin tsinkar ganyen da ake naɗe goro. Ran nan ta kwance goyon 'yarta Ladingo, ta shimfiɗa ta a gindin wani rimi, yarinya ta yi barci. To kun san in mutum ya yi barci kurwarsa fita take yawo, abin da ta gano shi ne mafarki. Shi ya sa ba a ɗaga mai barci sai an kira sunansa, don kurwar ta ji ta dawo.

Can sai hadari ya taso. Tabawa ta rikice, ta suri 'yarta, ta goya, ta sheƙa gida. Ba ta kira sunanta ba.

Tsuntsun nan yana cikin tsalle-tsallensa a kan rimin sai ya ga wani abu fari yana lilo a iska, kamar audugar rimi. Ya kai baki zai cafke, sai abin ya yi magana.

"Ina Innata? Na dawo ban gan ni ba."

Wayyo! Tausayi ya kama shi. Iska tana ta jan 'yar kurwar, in ta ɗauke ta, Ladingo ba za ta ƙara farkawa ba. Ya buɗe gashin ƙirjinsa ya ce, "Shigo nan, 'yar ƙanwata."

Ta shige, ta lafe. Ɗuminta ya ratsa shi har ƙafa. Da ya ɗan ɗaga fiffike sai ya ji tana zamewa, ya yi maza ya tsaya cik, ya baza gashinsa ya rufe ta ruf.

Ruwa ya sauko, ya jiƙa shi sharkaf, bai motsa ba. Ruwa ya ɗauke, hazo ya riƙa tashi daga ƙasa a hankali. Kurwar tana mafarki a ƙirjinsa, shi ma yana ganin abin da take gani, wata akuya tana tafiya a kan kogi, da wata tukunyar kunu da ba ta ƙarewa. Wata ƙatuwar fara ta sauka a gabansa, ga yunwa tana cin sa, ya kawar da ido.

Kurege ya zo wucewa ya tsaya. "Kai, sarkin rawar kai, yau kuma wa ya ɗaure ka? Ji yadda ka kumbura!"

"Yi a hankali," in ji shi, can ƙasa-ƙasa. "Akwai mai barci."

Haka ya kwana. Da asuba sai ga Tabawa, idanu sun kumbura, ta rungumo 'yarta da ke numfashi sama-sama.

"Ladingo! Ladingo! Ni na ɗauke ki ban kira ki ba, ki yafe mini, ki dawo!"

Amma itatuwa sun rikice mata cikin hazo, ta nufi wani gefen daban, tsuntsun yana kallo. In ya tashi, kurwa ta faɗi. In ya yi ƙara, ta firgita ta ɓace. Sai ya yi wani ɗan fito siriri, fiii. Ya sake yi. Tabawa ta waiwayo, ta bi fiton, har ta gane riminta. Ta shimfiɗa yarinyar daidai inda ta kwanta jiya, ta sunkuya ta kira sunanta a kunne.

Ya ji ɗumin nan ya zame daga ƙirjinsa, ya sauka a hankali.

Ladingo ta yi atishawa, ta buɗe ido. "Inna, na kwana a wani ɗaki mai laushi, ana ta kaɗa mini 'yar ƙaramar ganga."

Tabawa ta rungume ta tana kuka tana dariya. Ta goya ta suka tafi, ko sama ba ta kalla ba. Ina za ta san gangar nan zuciyar wani ce?

Tsuntsun ya yi ƙoƙarin kwantar da gashinsa, ya ƙi kwanciya. Wurin da kurwar ta kwanta ya yi sanyi, kuma wallahi ya yi kewarta.

Shi ya sa har yau Kumburau yake zama shiru, gashi a baje, ba ya tashi sai ƙwaro ya zo gabansa ya cafke ya dawo, kukansa kuma bai wuce ɗan fiton nan ba. Yana jira ne, ko wata 'yar kurwa za ta sake ɓatan hanya. In kun gan shi ku rage murya, ba ku sani ba ko akwai mai barci.