Takwarar Jaririyar Tungar Marke

Ku gyara zama. Wannan ba ta Gizo ba ce, kuma ba mai tashi sai an yanke hukunci.

A Tungar Marke, can cikin fadama, akwai wani manomin shinkafa, Ɗanlami. Shekarar da kogi ya yi ambaliya, ruwa ya shafe hanya da gonaki, ƙauyen ya koma tsibiri. Ran nan da hantsi naƙuda ta kama matarsa Uwani, ta zo da gardama. Har azahar shiru. Ɗanlami ya hau kan rumbu, inda waya ke ɗan kamawa, ya kira asibitin cikin gari. Aka ce akwai kwalekwale, amma ba wanda ya san ta inda zai bi, don ƙarƙashin ruwan duk shinge ne da kututture.

Aikin wasu ƙawaye uku ne ya fid da su.

Ta fari Barira, ma'auniyar ƙasa. Tun da rani ta taka yankin da ƙafarta wata biyu, waya a hannu, tana ɗaukar lambobin awon kowace kwanar hanya, kowane tudu da kwari. Har dariya aka riƙa yi mata, wai allura ta yar. Ita kaɗai ta auna tsohuwar magudanar da zurfinta ya isa kwalekwale ya wuce.

Ta biyu Tasalla, mai rubuta manhaja. Taswirar da aka saba da ita hotuna ce masu nauyi, a fadama sai mutum ya gaji da jira ba ta buɗe ba. Tasalla ta ce, "Me ya kai mu aika hoto? Mu aika lambobin, waya ta zana da kanta." Ta tsara wani shafin intanet yadda burauza, wato manhajar da ke buɗe shafi a waya, za ta karɓi lambobin Barira ta mai da su ɗigo-ɗigo, ta ja layi daga wannan zuwa wancan, ta cika tudu da ja, magudana da shuɗi. Ko an buɗa shi da yatsu layin ba ya dishewa, domin sabo ake sake zanawa.

Ta uku Shamsiyya, ungozomar asibitin, wadda ko iyo ba ta iya ba. Ta shiga kwalekwalen, sabis ɗin wayarta sanda ɗaya kacal, amma shafin ya buɗe. Tana duban shuɗin layi tana cewa matuƙi, "Baba, dama kaɗan." A wani wuri layin ya miƙe, amma idonta ya ga ruwa na juyi kan wata bishiya da ta faɗi. Ta sa aka kauce, aka zagaya, aka sake hawa layin. Ta isa, ta gyara kwanciyar ciki, kafin la'asar Uwani ta sauka lafiya, aka sami mace.

Da ruwa ya ja, ƙawayen suka zo barka. Ɗanlami ya karɓi wayar Shamsiyya yana ta jujjuya ƙauyensu da ɗan yatsa. Ya ce, "Ikon Allah! To, wa ya zana wannan?"

Suka dubi juna, kowacce ta nuna 'yar'uwarta.

Uwani ta ce, "Malam, sunan wadda ta cece mu za a sa wa yarinyar nan."

Ɗanlami ya yi ta saƙa da warwara. Ba don ƙafar Barira ba, babu abin zanawa. Ba don dabarar Tasalla ba, da lambobin na kwance a kwamfuta. Shamsiyya kuwa ranta ta sa a ruwa, har ta ga abin da taswira ba ta gani ba. Ga safiyar suna ta yi, liman ya miƙo kunne yana jira a raɗa masa.

To, ku faɗa mini, a cikin ukun nan wace ce ta cancanci takwara?