Kai Ashirin, Ƙafa Sittin da Biyu

An ce wai a wani ƙauye da ke bakin kurmi an yi wata gwauruwa mai suna Tasalla, wadda duk abin da ta mallaka a duniya awaki goma sha biyu ne da zabi takwas. Wata safiya ta tsinci fatar jar akuyarta a bayan dangar maƙwabcinta Jatau, da ɗanyen jini a jiki. Ta ɗauka, ta kai ƙararsa gaban Alƙali Shu'aibu.

Jatau ya rantse bai taɓa akuyar kowa ba, ya ce a je a ƙirga. Tasalla ta sunkuyar da kai, domin ita ma ta ƙirga har sau uku, kai ashirin cif take samu, har da jar akuyar a cikinsu. Sai dai ta ce tun ranar awakin ba sa cin dusa, sun takure a kusurwa guda suna rawar jiki, kare ma ya daina bi ta ƙofar garken.

Alƙali ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ga fata ta ce an yi ɓarna, ga lissafi ya ce ba a yi ba, ga kuma mutum da za a kora daga gari da sunan ɓarawo. Ya tashi da kansa, da rana tsaka, jama'a na biye.

Aka ƙirga kawuna: na awaki goma sha biyu, na zabi takwas. Sai alƙali ya tambayi Tasalla ƙafa nawa ya kamata a samu. Ta lissafa da yatsu, ta ce arba'in da takwas na awaki, goma sha shida na zabi, sittin da huɗu ke nan.

"To, durƙusa ki leƙa ta ƙarƙashin danga, baiwar Allah. Kada ki dubi fuska, ƙasa kawai za ki duba."

Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Sittin da biyu. Na zabi sun cika, kuma babu gurguwar akuya ko ɗaya. Can tsakiyar garken ta hango ƙafafu biyu dogaye, ba kofato, tsaye babu motsi.

Alƙali ya hana kowa gudu, ya fuskanci garken ya yi magana a natse.

"Ga hukuncina. Duk mai ƙafa huɗu a nan na Tasalla ne. Duk mai ƙafa biyu da fuka-fuki nata ne. Wanda ya rage ba shi da mai shi, ba a kuma gayyace shi ba. Ya kama hanyarsa, da izinin Allah."

Sai jar akuyar nan ta miƙe daga cikin 'yan'uwanta, har kanta ya zarce danga. Ta dubi Tasalla da ido irin na mutum, ta daɗe tana dubanta, sannan ta tura ƙyaure ta taka zuwa kurmi, ba ta waiwayo ba.

Aka sake ƙirgawa: awaki goma sha ɗaya. Kafin la'asar sun koma cin dusa. Tasalla ta durƙusa ta nemi gafarar Jatau a gaban jama'a, ya ce ya yafe duniya da lahira.

Shi ya sa masu hikima ke cewa: mai ƙirga kawuna adadi kawai ya sani, wanda ya sunkuya ya dubi ƙafa shi ya san abin da yake kiwo.