Irin Wutar Gari

Ka taɓa ganin manomi ya sauke irin da ya rataye don shuka, ya ce a yi masa tuwo da shi? Na san za ka ce sai dai mahaukaci. To, ku saurari wannan misali, 'yan'uwa, mu ga ko mu ma ba ma yin haka kowane wata.

Akwai wani manomi a wani gari da ke gindin dutse, nesa da babbar hanya. Mutanen garin suka gaji da jiran a kawo musu wuta, sai suka haɗa kai, suka sayar da citta da waken suya, suka sayi babban janareto. Suka yi gayya suka kakkafa falwaya har ƙarshen gari. Wuta ta shiga gidaje, ta tayar da famfon rijiyar burtsatse, ta kuma kunna firijin ɗakin shan magani, inda ake ajiye maganin saran maciji. A garin nan kuwa, da damina ta faɗi, macizai sukan fito a gonaki.

Suka naɗa manomin nan wakili a kan wutar, gama shi mutum ne mai gaskiya, ba a taɓa jin hannunsa ya shiga abin wani ba.

Makaniken da ya haɗa injin ya ce masa, "Wakili, injin nan yana shan mai, wannan kowa yana gani. Amma yana tsufa kuma, wannan ba a gani. Duk abin da ka karɓa a hannun mutane, ka ware wani kashi ka ajiye saboda ranar babban gyara."

Manomin ya yi murmushi ya ce, "Ka ce iri ke nan."

Gama al'adar garin ita ce, da kaka kowane magidanci yakan zaɓi zangarnun dawa mafi kyau, ya ɗaure, ya rataye su a saman murhu inda hayaƙi ke korar ƙwari. Ko rumbu ya ƙare, ko yara suna kuka, ba a taɓa su sai ranar shuka. Saboda haka wakili ya riƙa ware kashin nan, yana kiransa irin wuta.

Da wata ya ƙare, sai ya bi gida-gida yana karɓar kuɗin wuta. Da ya iso ƙofar surukinsa, ya tuɓe takalma, ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya ɗaga kai ya dubi ƙwan da ke haske a zaurensa ya ce, "Madalla da wutar nan. Ai tamu ce, ko ba haka ba?"

Wakili ya ce, "Haka ne, Baba." Ya sa takalmansa ya tafi. Ina mutum zai buɗe baki ya tambayi uban matarsa kuɗi?

Ya je gidan dagaci. Dagaci ya yi dariya ya ce, "Gari zai biya gari? Aljihun hagu ya ba na dama?"

Ya je wurin ma'ajin ikilisiya. Ma'aji ya riƙe baki ya ce, "Haba wakili! Ɗakin Ubangiji ma sai an kai masa bil?"

Da maƙwabta suka ga manya ba sa biya, sai wasu suka fara jinkiri, wasu kuma suka jefa waya a kan falwaya suka ja wuta ta bayan katanga. Ana cikin haka mai ya yi tsada. Wakili bai ƙara kuɗin wuta ba, domin mata a kasuwa suna ce masa wakili mai tausayi, sunan kuwa ya yi masa daɗi. Duk lokacin da kuɗin mai bai cika ba, sai ya ɗiba daga irin wuta ya cika.

Wata rana matarsa ta gan shi yana ɗiba, ta ce, "Baban Tabita, ba wannan ne ka ce iri ba?"

Ya ce, "Aro na yi. Zan mayar."

Ta ce, "Aro na fartanya ne, a yi noma da ita a dawo da ita. Abin da aka ci sai dai a ce rance. Wa ya ranta, kai ko su Baba?"

Ya ce, "Ke dai ki ji da miyarki." Amma maganar ta zauna masa a rai.

Shekaru suka shige a haka. Wata bazara, gab da faɗuwar ruwa, injin ya fara tari yana fitar da baƙin hayaƙi. Aka kira makanike. Ya kasa kunne ya saurari ƙarar injin, ya ce, "Ranar ta zo. In ba a yi masa babban gyara ba kafin damina ta kankama, zai kwanta, kuma ba zai tashi ba. Kawo irin naka."

Wakili ya duba, sai ga abin da ya rage bai kai rabin abin da ake bukata ba. Ya tuna firijin ɗakin shan magani, ya tuna cewa nan ba da daɗewa ba kowa zai shiga gona, har da 'yarsa Tabita.

Ya roƙi dagaci ya tara mutane a gindin mangwaro. Ya faɗa musu halin da ake ciki. Suka dubi ƙwan da ke ci a shagon mai shayi, suka ce, "Ga wuta nan tana ci. Me ya lalace?" Wani ya ce, "Makanikai ai haka suke, kowa da hanyar cin abincinsa." Aka yi dariya aka watse.

Kashegari da hantsi, ranar kasuwa, wakili ya sauke zangarnun irinsa daga saman murhu, ya ɗauki turmi da taɓarya. Matarsa ta gane abin da yake nufi, ta ce, "Ni dai hannuna ba zai taɓa taɓaryar nan ba."

Ya ce, "Ban ce ki taɓa ba."

Ya ajiye turmin a tsakiyar dandali ya fara sussuka. Mutane suka taru suna kallon ƙato da taɓarya. Wani ya ce, "Wakili, uwargida ta yi yaji ne?" Wata tsohuwa ta ce, "A ba shi zane ya ɗaura, ya fi kyau da shi!" Suka ɗauka shirin shuka yake yi. Amma da ya sheƙe, ya mayar da tsabar a turmi, ya yayyafa mata ruwa ya fara surfe, sai mata suka sa salati irin nasu, suna cewa, "Wayyo! Iri ne! Iri yake surfawa!"

Surukinsa, wanda tun ranar aure bai taɓa ɗaga masa murya ba, ya ratsa taron ya riƙe taɓaryar. Ya ce, "Kai! Ka haukace ne? 'Yata da jikokina me za su shuka bana?"

Wakili ya durƙusa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai namu ne."



Sa'an nan ya miƙe ya ce, "Wannan ɗan abin da na surfa kuka yi ihu a kansa. Irin wutarku kuwa shekara da shekaru ina zuba shi a turmi, kuna ce mini mai tausayi. Ban ci ko kwabo ba, amma ni ne na riƙe taɓarya. Na ji kunyar Baba, na ji nauyin mai gari, na ji tsoron a ce na kai wa Allah bil. Yanzu ga damina. Wanda maciji ya sara bana, ku ce masa ai tamu ce."

Dagaci ya yi gyaran murya ya dubi ƙasa. Ma'ajin ikilisiya ya zame ta bayan taro, aka ɗauka gudu ya yi, can sai ga shi ya dawo yana haki, da abin da ake bin ikilisiya a hannunsa. Daga nan dagaci ya aika gida a kawo nasa kuɗin. Ba kowa ne ya biya da daɗin rai ba. Da aka ƙara kuɗin wuta, waɗansu suka daina gaishe da wakili, mata a kasuwa kuma suka canza masa suna. Aka kashe wutar gidaje na ɗan lokaci, aka bar ta ɗakin shan magani da ƙaramin injin haya, har aka gama gyaran. Ruwan shuka ya sauka, injin yana aiki.

Amma irin wakili ya riga ya lalace. Ranar da kowa ya fita da sungumi, ya tsaya a ƙofar gida hannu wofi. Sai ga surukinsa tafe da damin zangarnu a kafaɗa. Tsohon bai dube shi ba, ya ajiye a gabansa, ya ɗora kuɗin wutarsa a kai, ya ce, "Na saman bashin da kake bi na ne. Na ƙasan kuwa rance ne, ba aro ba. Da kaka ina jira."

Wakili ya ce, "Na ji, Baba."

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Janareton nan shi ne duk wani kamfanin wuta da jama'a suka mallaka, na ƙasa ne, ko na jiha, ko ɗan ƙaramin da unguwa ta haɗa kuɗi ta kafa. Irin kuwa shi ne kuɗin da ya kamata a ware saboda tsufan kayan aiki. Taransifoma tana tsufa, waya tana ruɓewa, falwaya tana faɗuwa, ko mun gani ko ba mu gani ba. Kamfanin da yake biyan mai da albashi, amma bai ajiye komai don gobe ba, bai ci riba ba. Tuwon iri yake ci, ranar da abin zai fito kuma sai a ce ƙaddara ce.

Ku lura da abu guda, domin shi ne ya fi burge ni a misalin nan: wakili ba ɓarawo ba ne. Mun saba in wuta ta ɗauke mu ce an sace kuɗi. Wani lokaci haka ne. Amma mutumin kirki ma yana iya kashe abin jama'a da kunya, da son a yabe shi, da sayar da wuta ƙasa da abin da aka kashe wajen samar da ita. Amana ba ta tsaya a kan kada ka ɗauka ba. Amana ta haɗa da ka karɓi abin da ya kamata a karɓa, ko a hannun wanda kake durƙusa wa. Ubangiji ba zai tambayi wakili yawan masu gaishe shi a kasuwa ba. Zai tambaye shi abin da aka danƙa masa.

Wani zai ce, to gwauruwa fa, da marayu, da tsohon da ba shi da kowa? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana nan. A taimake su a fili. Ikilisiya ta ce, mu za mu biya wa gidan wance, a sanar, a biya daga baikon da muke bayarwa a sujada. Wannan jinƙai ne na gaske, domin daga aljihunmu ya fito. Amma yafe wa masu hali a ɓoye, a cike gurbin da kuɗin gyara, wannan kyauta ce da kayan yaran da ba a haifa ba tukuna. Haka kuma kuɗin iri a raba shi da kuɗin mai, kada mutum ɗaya ya iya taɓa shi shi kaɗai, a kuma riƙa faɗa wa jama'a abin da ke ciki tun injin bai fara tari ba. Da wakili ya yi haka tun farko, da bai ɗauki taɓarya a bainar jama'a ba. Duk waɗannan abubuwa ne da za mu iya, ba sai an zo daga wata ƙasa an koya mana ba. Kakanninmu da suka rataye zangarnu a saman murhu sun riga sun san su.

Mu kuma fa, a ina muke a cikin misalin? Yawancinmu ba wakilai ba ne. Mu ne suruki, mu ne dagaci, mu ne ma'aji. "Ai tamu ce" magana ce ta gaskiya, sai dai mun juya ta. Abin da yake naka shi ne kake ciyarwa. Ba wanda yake hana akuyarsa dusa don tasa ce. Mai bin Almasihu ba zai rera waƙar haske ranar Lahadi da wayar sata a bayan ɗakinsa ba, ko da duk layin haka suke yi, ko da wutar ba ta zuwa yadda muke so. Mu biya namu, sa'an nan mu sami bakin tambayar wakilai inda suka kai iri.

Saboda haka ina roƙonka, ɗan'uwa, ina roƙonki, 'yar'uwa, yau in an tashi sujada kada ku wuce kai tsaye wurin abinci. Ku zagaya bayan gida ku bi wayarku da ido har inda ta fito. In ta kauce wa mita, ku kira mai gyara ya mayar da ita hanya cikin makon nan. In ana binku, ku je ku fara ragewa. Kafin ku fita harabar nan kuma, ku tsaya wurin ma'ajinmu, ku gaishe shi da ladabi, ku tambaye shi ko ɗakin Ubangiji ya biya kuɗin wutarsa.