Koren Tambari a Hannun Baban Keke

Akwai wani mai gyaran keken ɗinki da kowa ke kira Baban Keke. Shekara talatin yana wannan sana'a a wani ɗan shago mai warin mai, kawunan kekuna jere a kan kanta kamar marasa lafiya a layin ganin likita. Mutumin ya iya aiki, wannan ba a ja. Ka taka keke sau biyu a gabansa, zai gaya maka ciwonsa tun bai taɓa shi ba. Aibinsa ɗaya ne: yana son a yaba masa, kuma a yaba da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji.

A intanet akwai wani zaure na teloli, inda mai matsala ke rubuta tambaya, masu sani su ba shi amsa. Mai zauren ya naɗa Baban Keke alƙalin ɓangaren gyara. Aikinsa shi ne ya karanta amsoshin da aka bayar, ya ɗora koren tambari a kan wadda ta fi. Amsar da ta samu tambari takan hau sama, sauran kuma su naɗe a ƙasa, sai wanda ya danna ya buɗe su. Doka ɗaya aka gindaya masa: alƙali ba ya zaɓar amsar kansa.

Shi da kansa ya sa ƙanwarsa Auta a zauren, wai ko ta ƙaru. Auta tela ce, a ɗakinta take ɗinki. Tun tana ƙarama take tsugunawa tana kallon yayanta yana kwance kekuna. Bai taɓa koya mata ba, bai kuma taɓa lura tana koyo ba.

Sai ga Auta ta fara ba da amsa. Ba ta doguwar magana. Layi uku, da hoto ɗaya, yatsanta na nuna wurin da za a taɓa. Da farko Baban Keke har fahariya yake yi a shago, yana cewa ai jininsa ce.

Rannan wani ya rubuta a ƙasan amsarta: "Wannan baiwar Allah ta fi wasu masu shago iya bayani."

Babu wanda ya ambaci sunansa, amma sau uku ya karanta. Daga ranar, duk tambarin da zai ɗora mata ji yake kamar ana cire masa haƙori. Ya kira abin da sunaye iri-iri a ransa, wai gudun kada kanta ya yi girma, wai kada a ce yana son kai. Gaskiyar magana kishi ne, kuma kishin ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya.

Ta leƙo shagon wata rana da fara'arta ta ce, "Yaya, ka ga amsar da na bayar jiya? Na yi daidai?"

Bai ɗago daga keken da yake gogewa ba. "Ba laifi, ga mai koyo."

Ranar wata Alhamis tambaya ta shigo daga wata tela da ke kiran kanta Uwar Biyu. Ta ce wata makaranta ta ba ta ɗinkin kayan ɗalibai sittin, ranar Litinin za ta kai. Shi ne babban aiki na farko da ta taɓa samu, kuma an ce in ta cika alkawari aikin zai zama nata duk shekara. Ga shi kekenta yana tsallake ɗinki tunda ta fara yadin wando mai kauri.

Auta ta amsa: "'Yar'uwa, kada ki kwance komai. Allurarki ce ta yi wa yadin ƙanƙanta. Sa babba, sabuwa, ki tura ta har ƙarshe kafin ki ɗaure." Ta haɗa da hoto.

Dogo ma ya amsa. Dogo mai sayar da zare da maɓalli ne a shagon da ke jikin na Baban Keke. Bai taɓa gyara keke ba, amma ya iya buɗe magana. Ya rubuta: "Kamar yadda babban malaminmu Baban Keke ya saba faɗa, saiti ne ya goce. Kwance notin sandar allura, ki sauke ta ƙasa kaɗan."

Baban Keke ya karanta duka biyun. Ya san wadda ke daidai tun kafin ya kai ƙarshen layin farko. Amma a ƙasan amsar Auta har mutum tara sun riga sun yi mata jinjina, ɗaya ma cewa ya yi, "An gama magana." Ransa ya sosu. Wato an gama magana tun alƙali bai buɗe baki ba.

Ya yi tsaki, ya ce a ransa ai saiti ma yakan jawo haka wani lokaci. Ya ɗora wa Dogo koren tambari, amsar Auta ta naɗe ta koma ƙasa. Ya ajiye wayar ya ci gaba da aikinsa, har da ɗan fito.

Ranar Asabar da hantsi wata mata ta yi sallama a ƙofar shagon, rungume da kan keke a naɗe cikin tsohon zane. Idanunta sun yi ja.

"Kai ne Baban Keke na zaure? Ni ce Uwar Biyu. Sai da na yi ta tambaya kafin na gano shagonka."

Ya karɓi keken ya buɗe ƙasansa ya duba. Ashe ta sauke sandar allura kamar yadda Dogo ya ce, ta taka, allura ta daki ƙugiyar da ke kamo zare daga ƙasa. Bakin ƙugiyar ya karye, sandar kuma ta lanƙwashe. Irin wannan ƙugiya ba ta cikin shagonsa, ba ta cikin kasuwa, sai an aika an kawo, kuma ba za ta iso ba sai bayan mako guda.

Ya tambaye ta a hankali, "Ba ki duba sauran amsoshin ba?"

"Me zan duba, Baba, bayan ka sa tambari? Ni da na ga kore ba na ƙara karanta komai. Laifina ne. Amsar ai daidai ce tunda kai ka zaɓa, hannuna ne bai iya ba."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ga ƙofar tsira a buɗe: ya yi shiru, ya ce ƙaddara ce, matar ta tafi tana gode masa. Ya daɗe yana juya sukundireba a hannunsa, sannan ya ce, "Ba hannunki ba ne. Amsar da na zaɓa ba daidai ba ce, kuma na sani lokacin da na zaɓe ta. Allura kawai za ki canza. Amsar gaskiya tana ƙasa, ƙanwata ce ta rubuta, ni na danne ta."

Matar ta zuba masa ido. "Me na yi maka?"

"Ba ki yi min komai ba."

Ya ɗauki waya ya kira Auta a gaban matar, ya faɗa mata duk abin da ya faru, bai rage komai ba. Auta ta ce, "Yaya, kwana biyu ke nan ina duba kekena ina neman inda na yi kuskure. Na ɗauka akwai abin da ka gani wanda ban gani ba. Har na ce na daina ba da amsa kada in cuci mutane." Sannan ta ƙara da cewa, "Turo min ita da kayan. Kekena yana nan."

Matan biyu suka duƙufa a kan keke ɗaya, wannan na yanka wannan na ɗinki. Zuwa safiyar Litinin arba'in da ɗaya suka kammala. Shugabar makarantar ta karɓi abin da aka gama, ta ba wani tela ragowar, ta kuma ba shi aikin shekara gaba ɗaya.

Baban Keke ya shiga zaure ya mayar da tambarin kan amsar Auta. Ya rubuta abin da ya aikata da dalilinsa, ya yi amfani da kalmar kishi ƙarara, ya ajiye alƙalancin. Wasu suka yaba masa, wasu suka zage shi tas. Dogo kuwa ya goge amsarsa ya yi kamar bai san zancen ba.

Da ƙugiya ta iso, ya gyara keken da duk iyawarsa ta shekara talatin. Uwar Biyu ta zo ɗauka, ta gwada a kan ƙyallen yadi mai kauri, ɗinki ya tafi sumul babu tsallake ko ɗaya. Ya tsaya yana jiran ta ce wani abu.

Ta naɗe keken ta ɗauka. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Keke ya gyaru, Baba, na gode. Sai dai babu abin da zan ɗinka a kansa."

Darasi: Duk wanda aka ba amanar zaɓen amsa mafi kyau, a zaure ko a rukuni ko a aji, ya duba abin da aka faɗa, ba wanda ya faɗa ba. In ka danne gaskiya don kishin mai ita, wanda zai cutu shi ne bawan Allahn da ya yarda da kai har bai ga dalilin dubawa ba. Ku tura wa masu kula da zaurukan da kuke ciki, musamman waɗanda ke riƙe da tambari.